Na auna falona da makirfo, bes ya gudu: in kashe gyaran ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayo amfilifayar kallon fim ta hannu daga Kano, mai lasifika biyar da wufa ɗaya, wato lasifikar da ke fitar da bes (sauti mai kauri). Na haɗa ta a falona a nan Gusau, na jona ɗan makirfon da ya zo da ita, ta yi ta ƙara tana auna ɗakin. Da ta gama sai bes ya ragu sosai, maganar 'yan fim kuma har yanzu ba ta fita rangaɗau. Falon mita 5 ne da mita 4, ƙasansa tayil. In kashe wannan gyaran ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka kashe tukuna. Matsalarka gida biyu ce, kuma ɗaya kaɗai na'urar take iya warkarwa.

Kowane kamfani da sunan da ya ba wannan tsarin na auna ɗaki da gyara sauti: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer, wasu manyan kuma Dirac Live. Aikinsu kusan ɗaya ne. Suna auna nisan kowace lasifika daga mazauninka, su daidaita ƙarfinsu, sannan su rage sautukan da ɗakin yake kumburawa.

Mu fara da bes. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya daki bango ya dawo, sai ya haɗu da wanda ke tafe, wani wuri su taru su yi ƙarfi, wani wuri su kashe juna. Ka raba 343 da ninkin tsawon falonka, wato 10, za ka samu kusan 34 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya). Faɗin mita 4 kuma zai ba ka kusan 43 Hz. A waɗannan sautukan falonka yake ruri da kansa, musamman ga wanda kujerarsa ke manne da bango. Yawancin abin da kunnenka ya saba kira bes wannan rurin ne, shi na'urar ta datse. Ka ba kunnenka kwana kaɗan ya saba. Idan har yanzu ka ji bai ishe ka ba, ka ƙara wa wufar desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 2 zuwa 3 daga cikin amfilifaya, ka bar maɓallin bayan wufar yadda yake. In taka mai Audyssey ce, kunna Dynamic EQ, don an yi shi ne ya mayar da bes idan ana kallo da ƙaramar murya.

Amma ina da zargin awon ma bai yi kyau ba. Makirfon nan ba ya rarrabe ƙarar gwaji da ƙarar janareta. Fanka na juyawa, firij na gurnani, injin maƙwabci na tashi, duk zai kwashe su. Ka sake awon da dare lokacin da akwai wutar NEPA ko ta sola, ka jure zafin 'yan mintoci babu fanka. Ka tsayar da makirfon daidai tsayin kunnen mai zaune, bakinsa na kallon silin. Kada ka riƙe shi a hannu, kada ka ɗora shi a bayan kujera. In na'urar ta nemi wurare 6 ko 8, ka cika su duka, kusa da inda ka fi zama.

Bayan awo ka shiga saitin lasifika ka duba da idonka. Sau da yawa na'urar kan sa lasifikun gaba a Large alhali ƙanana ne, sai ta ɗora musu nauyin bes da ba su iyawa, wufa na zaune ba aiki. Mayar da su Small, ka sa mahaɗar, wato iyakar da daga ita zuwa ƙasa sauti ke komawa wufa, a 80 Hz, wadda ita ce kamfanin THX mai tsara ƙa'idojin sautin fim ya tsayar. In na'urar ta zaɓi sama da haka, kamar 100 ko 120, ka bar mata. Nisan wufa kuwa, ko ka ga ya wuce na gaskiya kada ka taɓa, jinkirin da ke cikin wufar ta lissafa.

Maganar da ba ta fita ita ce ta fi damuna, domin nan mutane ke asarar kuɗi suna canza lasifika a banza. Falon tayil da bangon siminti tamkar cikin randa yake, murya na fita za ta dawo ta taka ta bayanta. Babu saitin da ke tsayar da amsa-kuwwa. Tafa hannu sau ɗaya a tsakar falon ka saurara, za ka ji wutsiyar ƙarar. Ka shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin talabijin da kujera, ka sa labule masu nauyi. Lasifikar tsakiya, wadda ke ɗauke da kusan duk maganar fim, ka fito da ita daga cikin kabad zuwa bakin tebur, ka ɗaga bakinta ya kalli fuskarka. Ka janye kujerar daga bango ko da taku biyu ne.

Duk wannan ka fara yi kafin ka sake jona makirfon, don da zarar ka matsar da kujera ko wufa, tsohon awon ya tashi aiki.