Sikana ko allon zane: amsa ga masu sa wa zanen fensir launi a kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina, ina zana dawakan hawan sallah da fensir, kuma ina so in riƙa sa musu launi a kwamfuta domin in sayar. Kuɗin da na tara ba za su sayi abu biyu ba. Sikana zan fara saya ko allon zane mai alƙalami?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka sayi allon zane. Ɗaukar zane a sikana, wato na'urar da ke kwafe hoton takarda zuwa kwamfuta, aiki ne na minti biyu, kuma shagunan buga takardu da ke cikin gari suna yin sa da kuɗi kaɗan, amma sa wa doki guda launi, da sirdi da jalala da rawanin mahayinsa, yana iya cin yini guda, kuma babu mai ba ka aron kayan aikinsa na tsawon wannan lokaci. Da linzamin kwamfuta za ka iya cika fili da launi, sai dai ba za ka samu inuwa mai laushi ba, domin linzami bai san bambancin dannawa da sassautawa ba, alhali alƙalamin allo yana jin nauyin hannu kamar fensir.

Kada lambobin da ke jikin kwali su ruɗe ka. Allon Wacom Intuos yana da matakan jin nauyi 4096, da yawa daga allunan Huion da XP-Pen suna da 8192 kuma galibi sun fi araha, amma hannun ɗan Adam ba ya tantance wannan tazara. Abin dubawa shi ne alƙalamin ya zama wanda ba ya buƙatar caji, kuma a haɗo maka da ƙarin tsinaye, saboda tsinin yana cinyewa. Allo marar fuskar da ke nuna hoto ya ishe ka. Za ka yi kwanaki kana jin baƙunta saboda hannu yana ƙasa ido yana kan kwamfuta, daga baya ka saba. Manhaja kuwa ba sai ka kashe ko sisi ba, domin Krita kyauta ce kuma don masu zane aka gina ta, yayin da Photoshop tun 2013 ta koma tsarin biyan kuɗin haya.

Inda za ka sa ido shi ne a shagon. Masu shago sun saba da takardun makaranta, saboda haka sukan ɗauki hoto a baƙi da fari zalla, wanda ke kashe duk laushin fensir. Ka ce a ɗauka a ruwan toka ko a launi, a kan ɗigo 300 a kowane inci, ko 600 idan za ka faɗaɗa zanen, sannan a adana shi a tsarin fayil na PNG ko TIFF maimakon JPEG da ke dagula siraran layuka. Takardar A4 a kan 300 tana fitowa da faɗin ɗigo 2480 da tsawon ɗigo 3508, kuma da wannan za ka gane ko an yi maka daidai. Ka roƙi a goge gilashin tukuna, musamman lokacin hunturu, domin kowane ƙwayar ƙura zai fito a zanenka kamar tabo. Idan Allah ya hore maka nan gaba, sikana Canon LiDE 300 daga kwamfuta take shan wuta ta igiyar USB, don haka ɗauke wuta ba ya tsayar da ita muddin kwamfutar mai batir ce.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Daura, waya kawai gare ni. Na zana rijiyar Kusugu, amma da na sa launi a manhajar ibisPaint sai ya rufe layukan fensir, takardar kuma ta fito da duhu. Sai na sayi kwamfuta?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, matsalar ba ta waya ba ce. Ki ɗauki hoton a inuwar katanga da hantsi, ba tare da hasken kyamara ba, wayar tana fuskantar takardar sosai, domin fensir mai laushi irin 4B da 6B yana ƙyalli idan haske ya doke shi kai tsaye. Bayan haka ki ƙara haske da kaifin hoton har takardar ta yi fari, amma ki tsaya kafin siraran layukan su ɓace, saboda su ne shaidar cewa hannu ya yi aikin.

A cikin manhajar ana jera aiki shimfiɗa-shimfiɗa (layer), wata a kan wata, sai ki ɗora zanen a shimfiɗa ta sama, ki canza yanayinta zuwa Multiply. A wannan yanayi fari yana zama kamar gilashi, baƙi kuma yana nan daram, don haka duk launin da kika zuba a shimfiɗar ƙasa zai bayyana ba tare da ya taɓa layi ba. Ki fara da launi bai ɗaya ga kowane sashe, bango daban, ƙasa daban, sannan ki buɗe sabuwar shimfiɗa don inuwa, ita ma a Multiply. Ki yanke shawarar gefen da rana take kafin ki ja inuwa ko ɗaya. Kuma ki guji baƙi zalla, domin yana sa zane ya yi kama da wanda hayaƙi ya turnuƙe. Inuwar jan bango ta fi kyau da ruwan makuba mai ɗan sirkin shuɗi, fatar mutanenmu kuma da ruwan ƙasa mai duhu da ya karkata zuwa ja. Idan kin riga kin yi inuwa da fensir, ita ma za ta yi aiki ta cikin launin, sai ki rage ta kwamfuta.

Tambaya: Na buga zanena a takarda, sai shuɗin ya dushe. Injin ne ya lalace?

Amsa: Da wuya. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, injin bugawa kuma da tawada huɗu, kuma tawada ba ta kai shuɗi da kore mai walƙiya na fuska ba. Ka rage hasken fuskarka yayin aiki, sannan ka fara buga ƙaramin gwaji a irin takardar da za ka yi amfani da ita kafin ka biya kuɗin babban bugu.