Ranar Boxing Day ba ranar dambe ba ce

Malam, ka tambaya ko dambe ake yi ranar 26 ga Disamba har aka sa mata Boxing Day. A'a wallahi, sunan daga kalmar Turanci "box", wato akwati, ya samo asali. A Ingila ta da, barorin gidajen masu hali kan yi aiki ranar Kirsimeti, sai washegari a sallame su da akwatin kyauta, kuɗi ko ragowar abinci, su kai wa iyalansu. Wannan al'adar tana burge ni, don ta tuna da masu wahalar gida. A 1871 dokar majalisa ta mayar da ita hutun bankuna. Kanada, Ostareliya da Najeriya duk suna hutawa ranar, amma a Amurka ba hutun tarayya ba ne.