Amsa ga Malama kan kalmomin Turanci na leƙawa da dubawa

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Malama, na saurari saƙonki tun da hantsi, sai yanzu bayan la'asar na samu sukunin amsawa. Kin ce shugaban ofishinku ya miƙa miki rahoto ya ce ki yi masa “once-over”, kika kwana kina bin sa layi-layi, da gari ya waye ya ce ai aikin minti biyar ya ba ki, shi ne kike son a bambance miki waɗannan kalmomi. Abin da nake so ki riƙe shi ne, kowace kalma a cikinsu tana faɗin girman nauyin da mai dubawa ya ɗauka, don haka zaɓenta ba ado ba ne.

“Once-over” dubawa ce sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, irin wadda mai sayen rago yake yi kafin ya fara taya, ya kalli ƙafa, ya shafa baya, ya wuce. Da shugabanki yana son binciken ƙwaƙwaf, da “examine” ko “inspect” zai ce. Ita “inspect” ta hukuma ce, akwai ƙa'ida a bayanta, kuma galibi rahoto yana biyo ta. Daga danginta muka aro sufeto, kuma aikin da duba-gari yake yi, ya shiga gida ya buɗe randa ya leƙa makwarara, shi ne ainihin ma'anarta. Saboda haka idan kika rubuta cewa kin yi “inspect” na kaya alhali kallo ɗaya kika yi musu, ranar da matsala ta ɓullo ke za a nema.

Inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe shi ne tsakanin “glance” da “glimpse”. “Glance” ke kika yi niyya, kika ɗaga ido kika kalli agogon bango, kika mayar da kai kan aikinki, kuma tana tafiya da “at”. “Glimpse” kuwa abin ne ya gifta miki, idonki ya ƙyalla shi bai ƙoshi ba, kamar ranar hawan sallah a Kano idan kina bayan cunkoso, kika hango lemar Sarki da rawaninsa, dawakai suka tare miki. Bature zai ce “I caught a glimpse of him”, wato kamo ganin ya yi da ƙyar.

“Skim” da “scan” sun shafi karatu, kuma masu shirin jarrabawar ƙwarewa a Turanci ta IELTS suna cin karo da su kullum. Asalin “skim” kwashe maiƙon da ya taso saman madara ne, don haka a karatu tana nufin ki bi rubutu sama-sama ki ɗauki gundarinsa. “Scan” kuwa ki zura ido kina neman abu guda, kamar mai neman sunansa a jerin waɗanda suka samu gurbin karatu. Sai dai wannan kalma fuska biyu gare ta, domin tsohuwar ma'anarta duban tsanaki ne, kuma ita ce ta rage a asibiti, inda mai juna biyu take zuwa a yi mata sikanin. Mahallin magana ne zai nuna miki wacce ake nufi.

Wadda nake roƙon ki yi hattara da ita ita ce “peep”. Na taɓa ganin wasiƙar wani matashi da ya rubuta wa shugabarsa cewa yana so ya yi “peep” a ofishinta, shi a ransa leƙowa ya gaishe ta yake nufi. Amma ga mai jin Turanci sosai, kalmar tana ɗauke da warin leƙe ta kafar ƙofa, har ma suna kiran mai leƙen mata “Peeping Tom”, daga wani tsohon labari na garin Coventry a Ingila. “Peek” ta fi ta sauƙi, satar kallo ce irin ta yaro da ya ɗaga murfin tukunya, amma ita ma ba ta wasiƙar aiki ba ce.

Akwai kuma kalmomin hira da mutanen Birtaniya kan yi amfani da su idan suna nufin ɗan dubawa. “Dekko” sojojinsu ne suka kwaso ta daga harshen Hindi a Indiya, “shufti” kuma daga Larabci, kuma 'yan uwanmu na Sudan da suke jin “shuf”, wato duba, kullum za su gane ta nan take. Ki san su don ki fahimta idan kin ji, amma kada ki sa su a takarda.

Gobe idan ya sake miƙo miki wani rahoton, ki tambaye shi kai tsaye ko ɗan dubawa yake so ko cikakken bita: “A quick look, or a full review?” Idan ya zaɓi na farko, ki rubuta masa “I had a quick look”, domin ya san iyakar abin da kika duba. Wanda yake da ƙarin tambaya ya turo, zan amsa bayan isha'i in sha Allahu.