Kukan kunne ya hana ni barci: ganyen ginkgo da bitamin za su yi mini magani?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne ɗan shekara 54, sana'ata niƙa, na fi shekara 20 a bakin inji. Tun bara kunnuwana biyu suke kuka, wiii, kamar gyare. Da rana ba na damuwa sosai, amma da dare sai ya hana ni barci. Ina da hawan jini da ciwon suga, kullum ina shan metformin da maganin hawan jini da ƙaramin asfirin. Ɗana ya nuna mini tallan wani magani a Facebook da aka haɗa da ganyen ginkgo da zink da bitamin B, wai cikin wata ɗaya kukan zai ɗauke. Wani maƙwabcina kuma ya ce in riƙa ɗiga man tafarnuwa ko man habbatus sauda. Maganin yana da tsada, amma idan zai yi aiki zan saya. Mece ce shawararka? Mai karatu daga Funtuwa.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da jiki, Allah ya sawwaƙe. Shawarata ita ce kada ka sayi wannan haɗin, kuma abin da ya fara tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne asfirin ɗin da kake sha. Asfirin yana rage daskarewar jini, ganyen ginkgo ma yana da irin wannan aikin. Idan suka haɗu a jikin mai hawan jini, haɗarin zubar jini yana ƙaruwa: haɓo, jinin dasashi, jini a cikin ciki, wani lokaci ma, ko da yake ba kasafai ba, har a ƙwaƙwalwa. Saboda haka ake gargaɗin masu shan magungunan hana daskarewar jini irin su warfarin ko clopidogrel, da masu jiran tiyata, da masu farfaɗiya, su nisanci ginkgo. Mai talla a waya bai tambaye ka abin da kake sha ba, kuma ba zai tambaya ba.

Kafin mu shiga maganar ko yana aiki, bari in gaya maka inda nake ganin kukan ya samo asali. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan bututu a naɗe mai ruwa a ciki. A jikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da sauti saƙon da jijiya za ta kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana karya su sannu a hankali, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tofowa. Idan saƙo ya ragu, ƙwaƙwalwa sai ta ƙara ƙarfin sauraronta don ta cike giɓin. Ka san yadda rediyo take yi idan tasha ta yi nisa, ka murɗa murya har ƙarshe, sai shuuu ya fi maganar yawa? To kusan haka abin yake. Kukan da kake ji yawancinsa daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, amsa ce ga jin da ya ragu. Shekara 20 a bakin injin niƙa ta isa ta jawo wannan, ga ciwon suga da hawan jini da su ma suke taɓa ƙananan jijiyoyin jinin kunne. Kuma ba kai kaɗai ba ne: wani babban nazari da mujallar JAMA Neurology ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manya a duniya suna jin kukan kunne, fiye da mutum miliyan 740, kuma kimanin kashi 2 cikin 100 abin yana takura musu ƙwarai.

Ginkgo bishiya ce 'yar asalin ƙasar Sin, kuma an daɗe ana sayar da ƙwayar ganyenta a Turai, musamman Jamus, da tunanin tana ƙara gudun jini zuwa kai da kunne. Tunanin yana da daɗin ji, shi ya sa masana suka gwada shi da gaske. A Jami'ar Birmingham ta Ingila an ɗauki mutum 1,121 masu kukan kunne, aka ba wasu ginkgo miligiram 50 sau uku a rana har mako 12, wasu kuma aka ba su ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a cikinta, ba tare da kowa ya san wacce yake sha ba. Mujallar BMJ ta buga sakamakon a 2001. A waɗanda aka kwatanta amsoshinsu, cikin mutum 360 masu shan ginkgo, 34 ne suka ce kukan ya rage damun su. Cikin 360 masu shan ƙwayar bogi, 35. Ka duba lambobin nan biyu da kyau, domin su ne amsar tambayarka. Cibiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta sake duba batun a 2022, gwaji 12 da suka ƙunshi mutum 1,915, ba ta samu hujjar da za a dogara da ita a ce ginkgo yana rage kukan kunne ba.

Waɗancan 35 ɗin da suka ji sauƙi da ƙwayar bogi ba ƙarya suke yi ba, kuma su ne ke bayyana shaidun da kake gani a ƙarƙashin talla. Kukan kunne yana hawa yana sauka da kansa. Ranar da mutum ya yi barci mai kyau, hankalinsa a kwance, sai ya ji kamar ya ragu. Yawanci mutum yana sayen magani ne a lokacin da abin ya fi tsananta, to duk sauƙin da ya biyo baya sai a ce maganin ne. A wani binciken jin ra'ayi da aka buga a 2016, wanda mutum 1,788 daga ƙasashe 53 suka amsa, 413 sun ce sun sha irin waɗannan ƙwayoyi saboda kukan kunne. Kusan kashi 71 cikin 100 sun ce ba su ga wani canji ba, kashi 19 sun ce sun ji sauƙi, kashi 10 kuma sun ce abin ƙaruwa ya yi.

Zink labarinsa gajere ne. Cochrane ta duba gwaji uku a 2016, mutum 209, babu shaidar yana taimakawa. Kuma yawansa yana da illa: hukumomin lafiya na Amurka sun sa iyakar miligiram 40 a rana ga babba, wanda ya daɗe yana wuce haka yana iya hana jikinsa tsotsar sinadarin jan ƙarfe, daga nan ƙarancin jini da ciwon jijiya su biyo. Saboda irin waɗannan sakamako ne ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idar da ta fitar a 2014, ta ce kada likitoci su rubuta ginkgo ko zink ko melatonin ko wasu ƙwayoyin ƙarin abinci a matsayin maganin kukan kunne mai naci.

Bitamin B12 ne wurin da zan tsaya, domin a nan wasiƙarka tana da wata magana. Jijiyoyi suna buƙatarsa, har da jijiyar ji. Wani bincike a kan sojojin Isra'ila a 1993 ya samu ƙarancinsa a kashi 47 cikin 100 na waɗanda ƙara ta lalata wa ji kuma suke da kukan kunne, kuma an ga wasu masu ƙarancin sun samu sauƙi bayan an cike musu shi. Kai kuma kana shan metformin, wanda idan aka daɗe a kansa yana rage yadda hanji ke tsotsar B12. Haka ma masu shan omeprazole na gyambon ciki shekara da shekaru, da tsofaffi, da waɗanda ba sa samun nama da hanta da ƙwai da madara da kifi. Don haka ka roƙi likitan da ke duba sugarka ya auna maka B12 da yawan jini. Idan an ga ya yi ƙasa, a ba ka ƙwaya ko allura, za ta amfani jijiyoyinka gaba ɗaya, wataƙila kunnen ma ya samu rabonsa. Idan kuwa yana daidai, ƙari a kansa ba zai taɓa kukan ba.

Kada kuma ka ɗauka duk abin da aka rubuta wa bitamin B lafiya lau ne a sha yadda aka ga dama. Haɗe-haɗen da ake sayarwa a kemis da sunan maganin jijiya sukan ƙunshi B6 mai yawa, kuma B6 idan ya yi yawa na tsawon watanni shi da kansa yana lalata jijiya: ƙafafu su riƙa zafi-zafi, ko a ji kamar ana tsikari da allura. Mai ciwon suga sai ya zaci sugar ce ta jawo, ya ƙara shan ƙwayar, alhali ita ce ke ƙara masa ciwon. Wannan yana damuna sosai, domin abu ne da ake iya kauce masa.

Lambar NAFDAC da za ka iya gani a jikin kwalbar maganin gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, tana nufin an duba ba shi da guba a fili. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta. Ka sa ɗanka ya karanta maka ƙananan rubutun jikin kwalin, sau da yawa za a ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Shawarar maƙwabcinka kuwa, da kyakkyawar niyya ya ba ka, amma ka bar ta. Man da aka ɗiga yana tsayawa ne a gaban dodon kunne, wurin da matsalarka take kuma yana can ciki inda mai ba ya kaiwa. Idan kuma dodon kunnen yana da huji ba ka sani ba, abin da ba baƙo ba ne ga wanda kunnensa ya taɓa tsiyaya yana yaro, man zai iya shiga ciki ya tayar da ciwo mai mugunya. Tafarnuwa ma tana ƙona fatar ramin kunne. Haka tsinken ashana da gashin kaza da auduga mai tsinke, tura dauɗa ciki suke yi.

Kuɗin da ka yi niyyar kashewa, ka kai su awon ji. Ka je sashen kunne na babban asibiti. Daga Funtuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi maka nisa ba, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Za a fara haska kunnen a ga ko dauɗa ce ta toshe, domin wani lokaci wanke ta kaɗai yana rage kukan. Sannan a shigar da kai wani ɗan ɗaki da ba a jin motsin waje, a ɗora maka abin sauraro a kunnuwa, a riƙa sako sauti siriri da mai kauri, duk wanda ka ji ka ɗaga hannu ko ka danna maɓalli. Ba zafi, ba allura. A takardar sakamakon masu aiki cikin ƙara mukan ga layin ya faɗa ƙasa a wajen sauti mai siriri, daidai hertz 4,000 a ma'aunin siririntar sauti. Irin wannan mutum yana jin ana magana, amma a taron ɗaurin aure ko cikin kasuwa kalmomin sai su cakuɗe masa. Idan haka naka ya nuna, na'urar ƙara ji ita ce abin da ya fi taimaka wa mutane da yawa, domin idan sautin duniya ya dawo, ƙwaƙwalwa tana rage wancan ƙoƙarin nata. Ka tafi da duk magungunanka a leda ɗaya, har da na ciwon jiki da kake saye a kemis. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro, da asfirin mai yawa, da ibuprofen idan ana yawan sha, suna iya sa kunne kuka, allurar gentamicin kuwa tana iya lalata ji har abada. Ƙaramin asfirin ɗinka ba kasafai yake jawo wannan ba, kada ka daina shi sai likitanka ya ce.

Daren da ke wahalar da kai, shirun ɗaki ne ke fito da kukan fili. Kada ka kwanta cikin shiru tsit. Ka bar fanka tana juyawa, ko ka kunna karatun Alƙur'ani ko rediyo ƙasa-ƙasa, yadda sautin zai gauraya da kukan ba tare da ya danne shi gaba ɗaya ba. Da haka ƙwaƙwalwa take koyon mayar da shi baya, kuma mafi yawan mutane cikin watanni sukan wayi gari sai sun nemi kukan kafin su lura da shi. Idan shayi ko goro da yamma yana hana ka barci, ka mayar da su safe. Wanda kuma abin ya kai shi ga fargaba ko ƙuncin rai, akwai zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam inda ake koya wa mutum yadda zai sauya tunaninsa game da kukan. Cikin duk hanyoyin da aka gwada, wannan ce ta fi ƙarfin hujja wajen rage damuwar, kuma neman ta ba abin kunya ba ne.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan ji ya ɗauke kwatsam a kunne ɗaya, a je asibiti a ranar, domin maganin yana aiki ne a kwanakin farko, bayan mako biyu damar tana raguwa ƙwarai. Haka idan kukan ya koma kunne ɗaya kawai, ko yana bugawa daidai da bugun zuciya, ko ya zo da hajijiya mai kayar da mutum, ko gefen fuska ya saki.

Sai maganar inji. Ba zan ce ka bar sana'arka ba, da ita kake ci da iyali, amma jin da ya rage maka dole a tsare shi. Ƙa'idar wuraren aiki ita ce ƙara mai ƙarfin desibel 85, wato a ma'aunin ƙarfin sauti, kada ta wuce awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, to kun kai wannan mizanin ko kun wuce. Cusa auduga ba ya tare abin kirki. Ka nemi abin toshe kunne na soso ko na roba, ko mai rufe kunnuwa gaba ɗaya, a shagunan kayan kariyar ma'aikata, ka sa shi kafin a tayar da inji, ka riƙa fita waje kana hutar da kunnen tsakanin niƙa da niƙa. Yaran da ke taya ka aiki su ma ka saya musu, domin nasu kunnen bai riga ya lalace ba. Allah ya ba ka lafiya.