José P. Laurel: sanata ne ko alƙali?

Ka tambaya ko Laurel ɗan majalisa ne ko alƙali a Filifin zamanin mulkin Amurka. Duka ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Ya kammala karatun lauya a 1915, ya ƙaro ilimi a Jami'ar Yale ta Amurka. A 1923 ya ajiye muƙamin sakataren harkokin cikin gida bayan ya saɓa da Leonard Wood, gwamnan da Amurka ta naɗa wa Filifin. Ya zama sanata a 1925, sannan alƙalin Kotun Ƙoli a 1936, kuma shugaban Filifin, Manuel Quezon, ne ya naɗa shi, ba Amurkawa ba.

Hattara, kada ka haɗa wannan da shugabancin ƙasa da ya yi daga 1943 ƙarƙashin mamayar Japan, ko ka rikita shi da ɗansa, José B. Laurel Jr., wanda ya taɓa zama kakakin majalisar wakilai. In aikin makaranta ne, hukuncin da ya rubuta a Kotun Ƙoli a shari'ar Angara, wata ƙara kan ikon hukumar sauraron ƙarar zaɓen 'yan majalisa, sai malamin shari'a ya warware maka.