Amsa: Zuwa Kano hutu alhali kina karɓar PIP da Universal Credit

Hajiya, kin ce kina Ingila, kina karɓar PIP (tallafin gwamnati ga masu naƙasa ko doguwar rashin lafiya) da Universal Credit (tallafin marasa aiki ko masu ƙaramin samu), kuma kina son zuwa Kano wata biyu. Tafiyar ba laifi ba ce, amma kuɗin biyun ba doka ɗaya suke bi ba.

PIP ba ta da matsala a nan. Za a ci gaba da biyanki har mako 13 kina waje, ko mako 26 in neman magani ya fitar da ke. Sai dai tunda za ki wuce mako 4, ki sanar da DWP, wato ma'aikatar da ke biyan waɗannan kuɗi, kafin ki tashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne Universal Credit. Wata ɗaya kacal aka yarda, sai in rasuwar makusanci ce, a nan ana iya ƙara wata guda, ko in neman magani ne, a nan ana iya kai wata 6. Kin ga wata biyun naki sun zarce, kuma kuɗin hayar gida a ciki yake. In kika yi shiru suka gano daga baya, za su nemi ki maido abin da aka biya ki.

Da ni ce, zan taƙaita tafiyar zuwa mako 4, in rubuta musu ranar tafiya da ta dawowa a asusuna na intanet. Allah ya ƙara sauƙi.