An Taɓa Yi Mini Aiki, Zan Iya Haihuwa da Kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. A haihuwata ta fari aiki aka yi mini, saboda yaron ta ƙafa ya zo. Yanzu ya shekara biyu da rabi, ina da cikin wata bakwai, kuma ina so in haihu da kaina. Wasu na cewa wadda aka yi wa aiki sau ɗaya sai aiki har ta gama haihuwa. Surukata kuma ta ce in yi zamana a gida, wai idan na je asibiti ba za su jira naƙuda ba. Ina mafita? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Za ki iya, da yardar Allah. Cikin mata huɗu da aka yi wa aiki sau ɗaya suka gwada naƙuda, kusan uku kan haihu da kansu. Ke ma kina da sa'a ta fuska biyu: abin da ya jawo aikin farko, wato kwanciyar yaro, ba lallai ya maimaitu ba, sannan tazararki ta haura wata 18 da ake so tabon mahaifa ya samu. Amma shawarar zama a gida, ki ba Mama haƙuri cikin ladabi, ki ajiye ta.

Mahaifar da aka yanka tana da tabo, kuma tabon na iya yagewa a tsakiyar naƙuda. Yakan faru ga mace 1 cikin 200. Idan ya faru, jini ciki yake zuba inda ido ba ya gani, iskar da jariri ke samu daga uwa ta yanke, sai a yi aiki cikin 'yan mintuna. Saboda haka asibitin da za ki zaɓa ya zama mai ɗakin tiyata da likita dare da rana, da wurin ajiyar jini. Ƙaramin asibitin unguwa bai isa wannan haihuwar ba.

A awonki na gaba ki tafi da takardar sallamar da aka ba ki bayan aikin. Likita na son sanin yadda aka yanka mahaifar ita kanta, domin tabon da kike gani a mara na fata ne kawai. Yankan kwance a ƙasan mahaifa shi ne ake yarda a gwada naƙuda da shi. Idan a tsaye aka yanka ta sama, ba a gwadawa. A yi sikanin a ga inda mabiya take. In ta tare bakin mahaifa, ko yaro ya kwanta a gicciye, to aiki ne babu ja. A auna jininki, idan PCV, wato ma'aunin yawan jini, ya gaza 33 a gyara tun yanzu, a san rukunin jininki, maigida ya tanadi waɗanda za su bayar.

Da kin ji naƙuda ko faya ta fashe, ki kama hanya. Kada ki tsaya sai ta kankama don wai a rasa damar yi miki aiki. Wannan dabarar ta jefa mata da yawa cikin wahala. Da isarki za a sa miki allurar ƙarin ruwa a hannu ta zauna cikin shiri. Bugun zuciyar jariri shi ne babban abin lura, don yawanci shi ke fara canzawa kafin uwa ta ji komai. Lafiyayyen bugu 110 zuwa 160 ne a minti. Inda akwai na'urar CTG mai bibiyar bugun zuciyar jariri za a ɗaura miki ita a ciki har ki sauka. Inda babu, ungozoma ta saurara duk minti 15, in an fara yunƙuri kuma bayan kowane yunƙuri. Bakin mahaifa ana duba shi duk awa 4 a rubuta. Idan ya tsaya cik, likita zai ce a shiga da ke tiyata, ki amince.

Ki yi magana nan take idan ciwo ya ƙi lafawa tsakanin murɗa da murɗa, ko kin ji zafi kamar yanka a wurin tabon, ko kin ga jini, ko fitsari ya yi ja, ko jiri ya ɗebe ki, ko naƙudar ta ɗauke ɗif bayan tana da ƙarfi. Wannan ɗaukewar ba hutu ba ce.

Kada ki sha wani jiƙo ko sassaƙe na saurin naƙuda. Kada ki bari wani mai kyamis ya ba ki ƙwayar misoprostol, tana iya yaga mahaifa mai tabo. Ko ruwan naƙuda na asibiti yana ninka haɗarin, shi ya sa sai babban likita ke yanke shawarar sa shi. Kuma kada kowa ya danna miki ciki.

Tambaya: Matata tana da hawan jini a wannan cikin, wata takwas. Dole ne sai aiki? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Ba dole ba ne, Malam. Da yawa suna haihuwa da kansu idan jinin ya daidaitu da magani kuma yaro na girma yadda ya kamata. Sai dai idan an ga furotin a fitsarinta, likita ba zai jira wata tara ya cika ba, yakan tayar da naƙuda a mako na 37. Ka sayi na'urar awon jini ku riƙa dubawa safe da yamma. Daga 140 bisa 90 a sanar da likita. 160 bisa 110 kuwa a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka idan ta yi kukan matsanancin ciwon kai, ganin dishi-dishi, kumburin fuska ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, domin su ke gabatar jijjiga. A can za a yi mata allurar magnesium sulphate don tare ta. Bayan ta sauka a ci gaba da awo har mako 6, saboda jijjiga na iya kama mai jego.